Ranar da Na Kayar da Ubana Zaɓe

Ranar wata Asabar ce bayan an gama yankan gero, shekarar da ake zaɓen kansila ta bin layi, na tsaya a filin firamaren ƙauyenmu kusa da Karare, na ɗaga gora mai hoto a kai, ina hura hanci kamar ni ne ɗan takarar. Lokacin babu dangwale. Kowane ɗan takara a ɗaga hotonshi, masu son shi su jeru a baya, malamin zaɓe ya bi yana ƙirga kawuna.

Mahaifina Ɗanjuma mahauci ne ya fito, yana karawa da Malam Iliya mai kyamis. Sunayen jam'iyyun sun fi ƙarfin bakinmu, sai muka raɗa masu namu: jam'iyyar tsire da jam'iyyar allura. Baba ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan. Wata biyu yana gasa nama yana rabawa kyauta, har ya yanka bajimin da muke huɗa da shi. Yakan ce, "Wanda ya ci tsirenka ba ya iya haɗa ido da kai daga wani layi."

Ni aka ba riƙon hoto. Da safe na shafa mashi koko na manna a kwali, na jingine a zaure ya bushe, na tafi langa. Kafin in dawo akuyar Inna ta cinye Baba, saura hula. Tsoron dorina ya sa na ruga bangon asibiti inda aka lilliƙa hotuna, na ɓanɓaro wani. Abin da ban sani ba, Baba da Malam Iliya wurin mai hoto ɗaya suka je a Safana, kuma shi ya ara masu babbar riga ɗaya da hula ɗaya, ga bugun ya yi dishi-dishi. Sunan yana rubuce a ƙasa ɓaro-ɓaro, amma ni lokacin aji uku nake da suna, jikina kuwa kullum yana fadama wurin harbin kurciya.

Mutanenmu ba su dubi hoto ba, ni suka duba. "Ga ɗan Ɗanjuma can!" Layi ya miƙe har bakin rijiya, na Malam Iliya ko inuwar itacen bedin filin bai cika ba. Malamin zaɓe, baƙo daga Batsari, ya ƙirga mu tsaf, ya ɗaga kai ya karanta sunan, ya ce, "Ikon Allah, Iliya layi biyu gare shi?" Aka yi ta rantse-rantse, ya ce shi doka ta ce hoto. Ya haɗa layukan biyu ya rubuta ma Malam Iliya.

Na kwana biyu a rumbun kakata. Da na fito Baba bai taɓa ni ba, sai ya ce, "Kujerar aji ka ƙi zama, ta hana ni tawa." Gara dorinar.

Yanzu kowa shiga yake bayan kwali ya dangwala a ɓoye, ba ka san wa ya ci tsirenka ya juya maka baya ba. Baba ya rasu, bedin ya faɗi. Har gobe in zaɓe ya matso, 'yan takara kan tsaya majalisarmu su ce, "Baba Mai Hoto, don Allah ka riƙe na abokin hamayyata." Nakan yi dariya. Amma duk hoton da na gani a bango, sai na kira jikata ta karanta mani sunan.