Neman mai gogen Barmu

Mun tashi da asuba daga Tawa, ni da mijin yayata, muka nufi Barmu. Dalilin tafiyar mahaifinmu ne. Wata shida ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma tun da ya kwanta ba shi da zance sai na wata rumfar zana a bakin kasuwar Barmu, inda shi da abokansa suke zama suna samari bayan la'asar, a sha fura, a saurari goge. Likita ya ce mana jikin ba ƙaruwa yake ba. Sai muka yanke shawarar kafa masa irin rumfar a tsakar gida, mu tara abokansa na da. Zana da tabarmi da ƙore duk mun samu, mai gogen ne ya rage.

A tasha direba ya ce mutum ɗaya ake jira. Mutumin bai iso ba sai da rana ta fito, kuma da awaki biyu ya zo, ɗaya a kan ƙafata ta yi tafiyar. Jika ɗaya da rabi, wato sefa dubu da ɗari biyar, muka biya kowannenmu, akuyar ban san nawa ba. Da muka bar kwalta sai jar ƙasa da tsakuwa, ga dammunan gero a jingine jikin rumbuna. Kowane ƙauye muka tsaya, mata da tsofaffi ke fitowa. Samarin sun tafi bida, neman kuɗi a waje, wasu Abijan, wasu Libiya.

A Barmu muka karya da koko da ƙosai, na sayi cuku na tsaraba. Mai shayi ya nuna mana inda rumfar take a da, yanzu shagon cajin waya ne. Ya ce mai gogen, Baba Assumana, yana nan da rai. Na karanta masa sunayen abokan mahaifina guda shida. Huɗu sun rasu.

Mun tarar da Baba Assumana a zaure, hannuwansa suna rawa a kan cinya. Gogen yana rataye a bango, tsirkiyar ta tsinke, fatar ta dare. Ya ce mai kaɗa masa ƙwarya ya rasu da damina, tun daga nan bai sauke shi ba. Da na faɗi sunan mahaifina sai ya ɗago kai, ya kira shi Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko.

"Mushe Iliya na lakwal? Shina da rai?"

"Yana da rai, Baba, amma ba ya tashi."

Sai ya ce, "Hannu ya ƙi, ɗana. Amma in muryata ta ishe shi, mu tahi."

Da azahar muka juyo tare da shi da tsofaffi biyun da suka rage. Washegari bayan la'asar aka yi taron. Mun shimfiɗa tabarmin mutum ashirin, maƙwabta ne suka cike gurbin. Aka fito da mahaifinmu aka jingina shi da filo, yayata ta dama fura a ƙwarya. Baba Assumana ya ɗora gogen a cinya bai taɓa shi ba, ya rera waƙar waɗanda suka tafi bida ba su dawo ba, ya bi ta da wata. A waƙa ta uku muryar ta sarƙe, ya nemi baitin ya rasa. Sai mahaifina, da bakinsa a karkace, ya ƙarasa masa. Shi da Baba Assumana suka riƙe hannun juna suna hawaye. Babu wanda ya yi tafi. Furar ma kaɗan aka sha.

Kwana biyu suka yi, na mayar da su Barmu, na dawo gida da yamma ni kaɗai. Abin da tafiyar ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Shekara da shekaru Barmu tana nan kusa, tsofaffin nan suna da ƙarfinsu, ban taɓa zuwa na zauna na ji ba. Yanzu waƙa biyu da rabi na sani. Sauran sun tafi da masu su.