Lokacin da Motata Ta Daina Jin Totur

Shekarar da aka mayar da ni aikin jinya a Wara, ni nake tuƙa kaina daga Yelwa duk Litinin da safe, in dawo ranar Juma'a. Motar tsohuwa ce, ta hannu na saya, amma ba ta taɓa kunyata ni ba sai da damina ta ja baya. Sai kawai ta koyi nawa. In na taka totur, sai ta yi wani dogon gurnani kamar na tashe ta daga barci, ta yi shawara da kanta, sannan ta ɗan matsa gaba don kada in ce ba ta yi komai ba.

Na faɗa wa maigidana. Malamin lissafi ne, amma tun da ya taɓa canza taya sau ɗaya a hanyar Kontagora yake ɗaukar kansa injiniya.

"Motar lafiyarta lau," ya ce, ko leƙa ta bai yi ba. "Ƙafarki ce ba ta da nauyi. Ku mata tsoron totur kuke yi."

Na miƙa masa makulli. Ranar Asabar muka hau titi, ya gyara zama, ya danna totur har ƙasa. Wani mai babur ɗauke da kwanduna biyu na busasshen kifi, ga matarsa a baya, ya zo ya wuce mu, har ya samu sukunin ɗaga hannu ya yi mana sannu.

Malam ya bi babur ɗin da kallo, sannan ya ce, "To, man da kike sha ne ba shi da kyau."

Na gode wa Allah da laifin ya tashi daga ƙafata, ko da yake bai yi nisa da ni ba.

Na canza gidan mai, ba ta canza ba. Bakaniken farko ko tayar da injin bai yi ba, daga nesa ya gano cewa fulogi ne. Motar ta fito daga garejinsa da sababbin fulogai huɗu da tsohon halinta. Na biyu abokin Malam ne. Shi ya ce giya ce, sai an sauke ta, in bar motar mako biyu. Duk bayanin nan Malam yake yi wa, ni da nake fama da ita kullum ina tsaye a gefe kamar na zo rakiya. Na ce zan yi tunani. Inna kuwa ta ce baki ne, mutane sun sa mini ido, ta aiko da turaren da za a yi wa motar hayaki. Ita dai aƙalla ba ta kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Wata Litinin na isa wurin aiki a makare, rana ta take. Wani dattijo na zaune a benci yana jiran a auna masa jini. Na san shi, injinan jiragen ruwa yake gyarawa a bakin tafki. Tun ina shigowa yake bin motar da kunne.

"Ɗiyata, motar ga numfashi take nema," ya ce bayan mun gaisa. "Tana shan mai fiye da da?"

"Sosai, Baba."

"In kin taka da ƙarfi, mi ke fita a salansa?"

"Baƙin hayaki."

Shi ne mutum na farko da ya ga ya dace a tambayi mai motar. Da na gama auna shi, ya ce in buɗe bonet. Ya ɓalle murfin baƙin akwatin da injin ke shaƙar iska ta cikinsa, ya leƙa, ya yi salati, sannan ya fashe da dariya.

Ɓera ne ya tare a ciki, kuma ba zaman haya yake yi ba, gini ya yi. Ga ɓawon gyaɗa cike, ga tsummokara, ga guntayen leda, har da shimfiɗa ta audugar katifa. Matatar iskar ta toshe gam, gefe guda ya gaigaye ta.

"Ke da ke aikin asibiti," in ji Baba, "in an toshe wa mutum hanci da tsumma aka ce ya yi gudu, ina zai kai?"

Ya kwashe tarkacen da hannu, ya kakkaɓe matatar, ya ce in sayi sabuwa da zarar na koma Yelwa. Ranar Juma'a na taka totur, motar ta zabura har sai da na tsorata.

A gida na juye wa Malam ɓawon gyaɗar a gabansa. Ba sai an yi dogon bincike ba: a rumfar da nake ajiye motar ya jibge buhunan gyaɗar gonarsa tun kaka. Na ce don Allah a nema musu wani wuri.

Ya duba buhunan, ya duba motar, ya yi dogon nazari irin na masu ilimi.

"Gyaɗa ba ta son rana," ya ce. "Mota kuwa ƙarfe ce."

Tun ranar motata take kwana a ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro, tsuntsaye na yi mata ado.