San Jimrau da Tudun Gabas

Jimrau ya haura shekara sittin. Tun yana saurayi aikinsa biyu ne a ƙauyenmu, tsakanin Dakoro da Korahane: yana sassaƙa gargaren rijiya, wanda Buzaye ke kira takarkart, yana kuma jan ruwa da sa. Sa guda gare shi, ja, mai karyayyen ƙaho. Da shi yake shayar da dabbobin gidaje shida, su kuma su ba shi hatsi da nono. Gonarsa ba ta kai shi wata uku, wannan san ne rumbunsa.

Rijiyarmu gaba arba'in ce. A kafa gwafa a bakinta, a sa gargare tsakanin rassan, igiya ta bi ta kansa, wasaki, wato gugan fata, a ƙasa, sa a ɗaya bakin igiyar. Na sha zama wurin Jimrau yana sassaƙa, yana magana ba tare da ya ɗago kai ba.

"Gargare ba ya rage ma ruwa nauyi," in ji shi. "Juya shi yake yi. Abin da za ka ja sama, sai ka ja shi a kwance. Sauran dabara uku ce. Gargare ya yi faɗi, don babba ya fi saurin juyawa a kan sandarsa. Gwafa ta sunkuya cikin rijiya, kada wasaki ya goga bango. Hanyar sa kuma ta gangara, nauyin jikinsa ya yi mashi rabin aiki."

Shi ya sa tun kakanni ake ja ta yamma, inda ƙasa ta gangara. Gabas tudun rairayi ne.

Shekara uku ke nan da wani proje na masu ba da agaji ya zo gyaran rijiyar. Sun yi mata baki na siminti mai kyau, ba mai musun wannan. Sai suka tumɓuke gwafanni, suka kafa ƙarfe a tsaye cak, da ƙananan gargare huɗu a manne da shi, ba wanda ya fi tafin hannu. Duka huɗun suna duban gabas, don nan hanyar mota take, nan kuma allon sunan proje zai tsaya.

Jimrau ya je ya durƙusa gaban injiniyan, saurayi sa'an ɗansa.

"Ranka shi daɗe, ku juya su yamma. Sa zai hau tudu da ruwa a wuya."

"Tsoho, an auna komai da metir. Haka yake a takarda."

"Takardar ta taɓa jan wasaki?"

Leburori suka yi dariya. Injiniyan bai yi ba, ya shiga mota. Abin da ke ci mini rai har yau, amsar Jimrau ba ta buƙatar kuɗi ko siminti. Juya ƙarfe ne kawai kafin a manne shi, aikin da bai kai shan shayi ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in a bakin ramin nan ya faɗa musu, ba wanda ya ko taka ya dubi tudun.

Bazara ta shigo. Wasaki ya riƙa gogar siminti yana yagewa. Ƙaramin gargare yana kuka yana cin igiya. In aka gwada ja ta yamma, igiya ta goce daga kwarinta ta maƙale. Dole a hau tudu. Cikin wata guda wuyan san Jimrau ya yi miki, haƙarƙarinsa suka fito.

Rhissa, wani Buzu mai raƙuma da ke shayarwa nan kowace bazara, ya kama masa suka kafa gwafa ta yamma. Kwana tara aka yi ana ja lafiya, mikin ya fara bushewa. Rana ta goma sai ga Halidu, farzidan, wato shugaban komiten rijiya, da samari biyu.

"Baba Jimrau, a cire icen nan. Baƙi na tahe daga Maradi su ɗauki hoto. In sun ga gwafa za su ce mun raina aikinsu."

"Farzidan," in ji Rhissa, "to ka ɗaura igiyar a wuyanka ka hau tudun, hoton ya fi kyau."

"Kai baƙo ne, ba da kai nake ba."

"Halidu," in ji Jimrau, "ni na sassaƙa ma ubanka gargarensa. Ka bar mani ita har ranar da za su zo, in cire da hannuna."

"Ba su faɗi rana ba, Baba."

Aka tumɓuke gwafar. Baƙin ba su zo ba sai bayan kwana ashirin da uku, kuma dabbobin gidaje shida ba sa jiran baƙi. Jimrau ya koma tudu. Ya rage wasaki zuwa rabi, yana tafiya gefen san yana kama igiya da hannunsa. A rana ta goma sha bakwai, da azahar, san ya durƙusa a tsakiyar tudu. Wasaki da ruwansa ya koma ƙasa da gudu, ya fizge shi baya, ƙafar gaba ta karye. A nan aka yanka shi.

Halidu ya zo jaje, ya ce ƙaddara ce. Jimrau ya ce, "Haka ne." Ni dai na san ƙaddara ba ita ta riƙe metir ba.

Baƙi suka zo, suka yi hoto, suka sha ruwan leda da suka zo da shi, suka tafi. Washegari komite ya ce kowa na iya kafa gwafarsa. Yau akwai biyar ta yamma, ƙarfen kuma mata na rataya tulunan roba a kansa. Ba a kira taro ba, ba wanda ya ce Jimrau ya yi gaskiya.

Gidajen shida sun koma wurin wani mai jakuna biyu. Jimrau ya nemi komite ya taimaka masa da ɗan maraƙi, aka ce ba a tanadi wannan ba. Da kaka ta wuce ya rufe ɗakinsa, ya ɗauki gizagonsa, ya tafi Dakoro wurin ɗiyarsa Hanatu. Yana sassaƙa ƙotar gatari da ta kalme a bakin kasuwa.