Ranar da Motoci Suka Ƙi Tsaya Mana

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta abin da ya sami yayana a hanyar Tafoki zuwa Faskari ba, don da hannuna a ciki.

Mu mutanen ƙauye keke ne jakinmu. In za mu ɗauko kara kuwa, a gicciye muke ɗaure damin, ya cinye rabin titi, mai mota ya yi ta hon muna yi kamar ba da mu yake ba. Direbobi su ce ba mu da kunne, mu mu ce ba su da imani. Haka Yaya ya ɗauro nasa wata ranar kasuwa, ina biye da shi a kan nawa keken. Wata motar haya ta zo wucewa, ta taɓa bakin damin, keken ya juya da shi ya faɗa kwalbati. Ƙafar dama ta karye, ga ƙashi a waje.

Direban ya tsaya, wallahi ya tsaya, har ya fito yana salati. Ni na fara ɗaukar dutse. Kafin dattawa su iso mun farfasa gilasan motar, mun fasa masa goshi, da ƙyar ya ja ta ya tsira. Muka kai Yaya wurin mai ɗori muna jin mun yi jarumta.

Washegari labari ya zo cewa direbobin tasha sun haɗa baki, ba mai ƙara tsayawa a garinmu. Dariya muka yi, har ina cewa, "Su sha zamansu, da can mota ta haife mu?"

Kwana biyu ƙafa ta kumbura, ta fara baƙi. Mai ɗorin ya kira ni gefe ya ce, "Wanga ya fi ƙarfina. Ku tahi da shi asibiti yau, kada ya kwana." Muka gwada ɗora shi a babur, ya suma. Sai muka shimfiɗa shi a bakin titi, inna na yi masa fifita. Daga hantsi har la'asar ina ɗaga hannu. Direbobin da na sani da fuska su rage gudu, su dube mu, su wuce. Wani ma ya leƙo ya ce, "Ku aza shi bisa keke mana, a gicciye!" Ban taɓa zaton ɗan Adam zai kalli mutum a wannan hali ya faɗi haka ba.

Sai washegari da safe wata mota ta tsaya, tagoginta an toshe da leda. Direban nan ne, da bandeji a goshi. Bai ko dube ni ba, ya ce, "Jiya na ji labari. Ku kama mini shi." Muka sa Yaya a motar, ya kai mu asibitin Funtuwa.

Likita ya buɗe ƙafar, ya ɗago ya tambaye ni ina muka ajiye shi duk kwanakin nan. Ya ce da ranar aka kawo shi, karaya ce mai warkewa. Daga gwiwa aka yanke.

Har yau Yaya cewa yake ƙaddara ce, bai taɓa ɗora mini laifi ba. Amma ni na san motar da za ta kai shi asibiti a kan lokaci tana tsaye a gabana, na kore ta da dutse. Tun daga nan na koyi cewa in mutum yana kwance cikin jini, ɗaukarsa ake fara yi, neman mai laifi ya biyo baya.