Ranar Da Na Shanye Furar Surukai

Ko yau aka tashe ni daga barci aka ce in faɗi abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ba sai na yi dogon tunani ba: ƙwaryar fura ce. Shekaru sun shuɗe, na tara iyali, furfura ta fara leƙowa, amma da zarar na tuna da ita sai in ji gumi ya keto mini.

Ni haifaffen Birnin Kudu ne, tela, kuma ba na ɓoyewa, ina son abinci. A gidanmu Inna tana da doka guda wadda ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a barin abinci a kwano. A wurinta, ka rage loma ɗaya to ka ce girkinta bai yi ba ke nan. “Cinye, ka suɗe, sannan ka yi godiya,” haka take cewa. Da wannan tarbiyya na girma, na kuma ɗauka duk duniya haka ake yi.

To sai Allah ya haɗa ni da wata yarinya ’yar wani ƙauye kusa da Fagam. Mutanen gidansu masu shanu ne, duk da dai Hausa suke yi kamar kowa. Mahaifinta, wanda suke kira Baffa, bai so maganar ba tun farko. Ya ce ’yan birni ba su da kunya. Da ƙyar aka shawo kansa ya ce in zo ya gan ni da idonsa, daga nan zai san ko zai ba ni ko zai hana. Abokin da zai raka ni, wanda ya san al’adarsu, zazzaɓi ya kwantar da shi, ni kuwa da rawar kai na ce ai gaisuwa ce kawai, na hau babur ni kaɗai.

Bazara ce, rana kamar ta dafa mutum. Na isa maƙogwarona a bushe. Na tarar da Baffa da ƙannensa biyu a inuwar ɗorawa, na durƙusa na gaishe su, aka nuna mini gefen tabarma. Can sai ga ƙwarya rufe da faifai, da ludayi ɗaya a kai. Baffa ya turo ta gabana.

“Bismillah, Malam.”

“Baffa, ku fara mana.”

“A’a, mu mun ƙoshi. Sha abinka.”

Wallahi na ɗauka da gaske yake. Na buɗe, ƙamshin citta da kanumfari ya doke ni, ga kindirmo mai kauri ya sha damu. Na kai ludayi na farko, na biyu, daga nan ban sake ɗaga kai ba. Abin da ke raina shi ne in nuna musu ni ɗan gidan mutunci ne, ba irin ’yan birnin nan masu yatsina ga abincin ƙauye ba. Da ludayi ya daina kamawa, na ɗaga ƙwaryar da hannu biyu na kafa kai. Na sauke, na yi gyatsa, na ce, “Alhamdulillahi! Kai, Allah ya yi wa mai damun nan albarka.” Ina ta jin daɗi, wai na burge.

Ɗaya daga cikin ƙannen ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Baffa ya leƙa ƙwaryar, ya yi gyaran murya, ya ɗaga murya zuwa cikin gida: “A ƙaro wa baƙo.”

Sai muryar wata tsohuwa, kakar yarinyar, ta ratso zana tar da ita: “A ƙaro daga ina? Sai dai in bijimin za a tatso masa!”

Innalillahi! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yarinyar ta fito ɗaukar ƙwarya, ta kalli cikinta fes kamar an wanke, idonta ya cika da hawaye. Da ta rako ni bakin hanya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Shanu sun tafi kiwo kudu, biyu kawai ake tatsa. Nonon gidan nan ke nan gaba ɗaya. Mai neman aure ludayi ɗaya yake kaiwa baki ya ture, sai iyaye maza su sha, sauran a mayar wa mata. Yanzu me zan ce wa Baffa?” Ko yadda na tuƙo babur zuwa gida ban sani ba.

Makonni suka wuce babu aike daga Fagam. Na rame, ɗinki ma sai in yi ta kuskure ina farkewa. Da na gaya wa Inna abin da ya faru, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, “Ni na koya maka, ni zan je.” Ta tashi da asuba ta yi dambun zogale, ta zuba masa ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta cika babban kwano ta hau mota.

Ita ta ba ni labarin sauran. Ta ajiye kwanon gaban tsohuwar nan, tsohuwa ta ɗan taɓa ta ture. Inna ta mayar mata ta ce, “Goggo, a gidana wanda ya rage abinci ya zage ni. Haka na reni yaron nan. In akwai laifi, nawa ne.” Tsohuwa ta dube ta, ta kira matan gidan, suka zauna suka cinye tas, har ita da kanta ta suɗe kwanon. Ta goge baki ta ce, “Ashe rashin kunyar nan da daɗi.” Bayan sallar la’asar Baffa ya ce a turo magabatana.

Yarinyar nan ita ce uwar ’ya’yana yau. Har yanzu in na je ƙauyen, matan gidan sai su ce, “A ɓoye ƙwarya, ga shi nan!” Wannan ba ya damuna, ni ma dariya nake yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata magana da Baffa ya yi bayan shekaru, muna zaune a ƙarƙashin ɗorawar nan. Ya ce, yana murmushi, “Ka san ranar nan ko karyawa ban yi ba? Na ce a bar nonon saboda baƙo.” Ya faɗe ta a wasa, ni kuwa sai da na juyar da fuska.

Shi ya sa nake gaya wa yarana, a gidan uwarku ku cinye ku suɗe. Amma in kun shiga gidan mutane aka ce muku an ƙoshi, kada ku kalli ƙwarya tukuna. Ku fara duban fuskar wanda ya turo muku ita.