Masu Yasar Tabkin Nomau

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da munka rufe Nomau, dattijon majami'ar Baptis ta garinmu, kuma taubashina, ɗan ƙanwar babana. Masu karatu su yi haƙuri in rubutun ya yi tafiyar jaki. Aji biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko. Mushe, malamin ajinmu, ya dube ni, na dube shi, munka yarda awaki sun fi shi buƙatata.

Kakanmu ɗaya, kuma shi ba salla ba coci, a gindin dutse yake yanka baƙin bunsurunsa. Mu jikoki munka kama salla. Nomau kaɗai ya bi wasu baƙi, masu aikin hanya da wani ma'aikacin asibiti, da ke taruwa ran Lahadi cikin rumfar kara suna waƙa. Majami'ar da kuke gani yau daga wannan rumfa ta taso. Akuyata ta taɓa cinye mata bango guda.

To su 'yan Baptis ba a shiga cikinsu da yayyafi. Sai an tsunduma mutum cikin ruwa har gashin kai, sannan a ce ya sami baftisma. A ƙasar kogi wannan ba magana ba ce. Amma a Adar? Ƙasar da ruwan sama ke faɗowa bisa dutse ya ruga kwari kamar ɓarawon da anka yi wa ihu? Abin da ke gare mu tabki ne guda bayan gari, shi ma rairayi ya cika masa ciki.

Rani guda Nomau ya yi yana jira. Da damina ta zauna, wani pasto ya zo daga Madawa, gari kaf munka fita kallo, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ruwa iyakarsa ƙwauri. Pasto ya yi ta laluben zurfi da ƙafa, bai samu ba. Ƙarshe sai kwantar da Nomau ya yi. In ya danna ƙirji gwiwoyi su fito, in ya danna gwiwoyi hanci ya leƙo. Mutumina ya tashi caɓa-caɓa da laka, matan rumfa na waƙa, mu muna riƙe da ciki.

Na ce, "Taubashi, addinin nan naka wanka ne ko yaɓe?"

Ya share ido ya ce, "Yi dariyarka, Arzika. Baɗi sai ka nemi jirgi."

Da bazara, tabki ya bushe ƙayau, sai ga Nomau da diga da shebur a tsakiyarsa, matarsa Ladi na kwasar ƙasa a kwando. Munka ce ya zare. Wanda ya fara kama masa wani makiyayi ne, da ya gane ramin da zai nutsar da mutum zai shayar da saniya. Sai masu tubali, don laka ce ta banza. Ni kuwa matata ce ta kore ni daga inuwa.

Tun daga nan yasar tabki ta zama gayyar kowace shekara, kuma majami'a ke kiranta. Matansu su dafa tuwo, mu mu zo da hannuwa. Ban taɓa jin Nomau ya yi wa kowa wa'azi a cikin ramin ba. In azahar ta yi, shi ke fara cewa, "Ku tahi ku yi salla, rami ba ya gudu." Ruwa ya riƙa kai mu har ƙarshen sanyi. Anka kafa fangalin albasa a gefe, shanu na zuwa tun daga wajen Karofan. 'Yan Baptis kuwa yini guda rak suke shiga cikinsa a shekara.

Da Nomau zai leƙo yau, da sai an riƙe shi don murna. Inda rumfa take ginin siminti ne da rufin kwano, da farantan hasken rana. Kujeru ba sa isar masu zuwa. Akwai malaman lakwal, da 'yan kasuwar albasa, da jikokin matan nan masu waƙa. Suna koya wa mata karatu, suna zaga marasa lafiya ba tare da tambayar wa ke fuskantar gabas ba. Ni da ba nasu ba na shaida.

Amma a bayan ginin sun yi kwarmin siminti, ana cika shi da ruwan pampo, a can ake baftisma yanzu. Tun da anka yi shi ba a sake kiran gayya ba. Mu kuma kowa na jiran kowa, kun san jakin gayya da yunwa yake kwana. Bara tabkin ya ƙafe ana cikin yankan hatsi. Masu albasa sunka tashi, mata na kora dabbobi har kwarin Tama. Damina ɗaya ko biyu nan gaba, sai dai a ba yara labarin wurin.

Wata Lahadi cikin ranin nan na tsaya bakin majami'a har anka tashi. Paston yanzu saurayi ne mai ladabi, baƙo a garin. Ya ba ni kujera, na zazzage masa abin da ke cikina.

Ya ce, "Baba, ruwan tabki na sa tsargiya, kuma tsofaffi na zamewa a laka. Kwarmin ya fi mana."

Gaskiya ya faɗa. Na yunƙura zan tashi. Sai Ladi, da ta tsufa tana dogara sanda, ta matso.

Ta ce, "Ɗana, wa ya ce maka ka bar kwarminka? Maigidana ya yi wa baftisma rami shekarar fari. Sauran shekarun, maƙwabta yake yi wa." Ta juyo kaina. "Kai kuma tsohon banza, hannuwanka kuturta sunka yi da sai an kira ka?"

Na ce, "Matar taubashi, ni mai ba da shawara ne."

Asabar ta zagayo, na tafi bakin tabki da shebur na aro, raina na gaya mini ni da ƙadangaru za mu yini. Na iske 'yan majami'a sun riga ni, maza da mata, pasto ya naɗe wando yana sara kamar mai faɗa da ƙasa. Kafin hantsi tafinsa ya yi bororo, bai ajiye digar ba. Da labari ya shiga gari, kunya ta fito da namu, har da na'ibin liman da 'yan kabu-kabu. Ni ma na kwashi abin da bayana ya yarda, sauran na cika da baki.

Yanzu hadari muke jira. Ko ramin zai kai mu sanyi, Allah masani.

Na sha tunanin me Nomau ya bari. Gonarsa an raba, kabarinsa sai wanda ya sani, yaran majami'a da yawa ba su san fuskarsa ba. Amma ran nan na zauna bisa tudun ƙasar da munka fitar, ina kallon mutanen da ruwan pampo ya wadata, waɗanda ba saniya gare su ba fangali, kuma ba mai sake tsoma su cikin tabkin nan har abada. Suna cikin rana tsaka, gumi na zuba, suna haƙa wa awakina ruwa.