Kwalin da na kai Lyon

Shekarun baya, lokacin ina jiran a sabunta mini takardar zama a Paris, wani dattijo kafinta da muke sallar Juma'a tare a Saint-Denis ya ji zan je Lyon. Har tasha ya biyo ni da kwali ɗaure da igiya.

"Ɗana, ka kai wa yarona a Rillieux, nan gefen Lyon. Kada ka girgiza shi, jirgin yaƙi ne."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Mu kuwa ba ma tambayar babba abin da ke cikin saƙonsa. Ga sojoji cike da tashoshi a kwanakin, baƙo mai gemu da kwali kuma shi ake fara tsarewa. Abu kaɗan, takardata ta tafi.

A jirgin ƙasa zuciyata ta shiga saƙe-saƙe. Me ya hana shi aikawa ta gidan waya? Me ya sa bai taɓa ambatar wannan ɗa ba? Sai na tuna watannin nan ba shi da hira sai ta wani Ba'amurke na zamanin da, wanda ya ƙera wa ƙasarsa jiragen yaƙinta na farko. Ina ruwan kafinta da igwa? Na kanga kunne jikin kwalin ko zan ji ƙarar agogon bam, har tsohuwar da ke kusa da ni ta sake kujera.

Ina sauka ɗan sanda ya ce in buɗe. Na kwance igiyar. Ɗan jirgin ruwa ne na katako, da filafilansa na farin ƙyalle. Ya yaba aikin, ya sallame ni.

Da na isa wurin ɗan dattijon, ya ga jirgin, sai ya ce:

"Malam, tun da na shiga sojan ruwan Faransa Baba ya yanke magana da ni. Na bar aikin ma, bai sauko ba."

Nan na tuna inda dattijon yake yin shiru kullum a labarin: wurin da 'yan ɗariƙar Ba'amurken, waɗanda ba su yarda da yaƙi ba, suka kore shi daga cikinsu saboda sana'arsa.

"Bai ce ka gaya mini komai ba?"

"Ya ce kada a girgiza shi."

Ya sa hannu biyu ya karɓa, idonsa ya cika da ƙwalla.

Har yau in na tuna sai tausayi ya kama ni. Ni ina ta zufa a kan bam, ashe ban haƙurin uba na ɗauko.